Falle Na Huɗu

Jarwal, Makka
24 ga Zulhajji, 1371

Zuwa ga jikata Rumasa'u, matar Dawuda baduku, unguwar Dukawa, birnin Kano.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kamar yadda muke a nan, in aka cire gwiwata ta hagu da ta riga ni tsufa.

Takardarki ta zo hannuna ta wajen maƙwabcinku Alhaji Wada mai goro. Bawan Allah ya sha rana a Jarwal yana cigiyar Sa'adiya 'yar Dukawa, ba wanda ya san ta, don a nan Sitti Mai Dambu ake ce mini. Sitti ita ce kaka a bakin mutanen garin nan. Da ya same ni sai ya zube a tabarma yana kukan gajiyar hanya. Na ce Alhaji kwana nawa ka yi? Ya ce biyu, a jirgin sama. Na ce sannu ƙwarai, mu shekara bakwai kacal muka yi a ƙasa, bari in dama maka kunu.

Na ji rasuwar Yaya Fatsuma. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Na je Harami na yi mata ɗawafi. Ita ta riƙe abin da na bari shekara arba'in da ɗaya, ba ta taɓa aiko mini da ƙorafi ba.

Kin ce ba ki san kamannina ba. Ɗauki madubi ki duba, ki ƙara kyau kaɗan, to kin gan ni. Ki riƙe Dawudan naki da hannu biyu, don ran da ya zo hajji ya gan ni ba lalle ya koma ba. Kakanku Malam Awwalu ya rasu shekara goma sha biyu ke nan. Kawunki Abdulƙadir, wanda na haifa a hanya, tsire yake yi a bakin kasuwa, Larabawa na layi a kansa. 'Ya'yansa biyar, Hausarsu kuwa sai addu'a. In na ce a miƙo mini ludayi sai su kawo takalmi.

Ga tsaraba nan a hannun Alhaji. Akwai dambun nama da na yi da naman layya na Mina, ni na shanya, ni na daka. Akwai dabino da tozali. Sai ƙamaruddin falle huɗu, na naɗe a farin ƙyalle. Wannan na yara ne, kowa falle ɗaya. Kada a taɓa sai Ƙaramar Sallah, a ajiye inda ruwa ba ya zuwa. Ki gaya wa angona, ɗanki Yunus, ina sane da shi, ya fara tanadin lefe.

Ki ba ni labari. Durumin ƙofar gidanmu yana nan? Har yanzu mata na dakan nakiya in sallah ta matso, a ji luguden taɓare tun daga bakin rijiya? A nan akwai komai, amma wannan ƙarar babu. Wani lokaci ina zaune sai in ji ta a kunnena, in waiga, ashe mai gyaran kwano ne.

Ki gaishe da mutanen gida, manya da yara. Ki yi haƙuri da rubutuna, allon da na yi bai wuce izu biyar ba.

Kakarki,
Sa'adiya

*

Dukawa, Kano
Washegarin Takutaha, 1372

Zuwa ga Hajiya Kaka.

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Muna lafiya lau, sai Zainabu da ta yi mura ta warke. Allah Ya sassauta gwiwa. Na duba madubin kamar yadda kika ce, na ga babu wurin ƙari, don haka Dawuda yana nan daram.

Tsaraba ta iso, mun gode, Allah Ya saka da alheri. Dambun bai yi kwana uku ba. Na kama Dawuda ya ɓoye wani a jakar kayan aikinsa, ya ce wai don albarka.

Durumi ya faɗi tun ina goye, iskar farkon damina ce ta kayar da shi. Yanzu wani tela ne ya kafa rumfa a wurin. Nakiya kuwa ana nan ana daka, kuma duk unguwar nan ba wadda ta kai Inna hannu. Gidan biki ma ita ake kira.

Sai fatar nan da kika kira ƙamaruddin. Kaka, kin tayar da hankalin dukawa. Dawuda ya ce shekara ashirin yana ɗinkin fata bai taɓa ganin irinta ba. Ba ta da gefen gashi, ba ta da gefen nama, ga ƙamshi, in ka ɗaga ta a rana kana hango yatsunka. Ya kai wa tsofaffin majema suka yi ta juyawa. Wani ya ce fatar barewar Arfa ce. Wani ya ce da zuma ake jeme ta. Malam Mukhtaru ya kai baki zai lasa, Dawuda ya fizge, ya ce kayan Makka ba abin wasa ba ne. Tun da kin ce na yara ne na sallah, ya yanke shawarar ɗinka wa kowa ɗan alabe na ratayawa a wuya, su zuba barka da sallarsu. Ya gama biyu. Ya ce aikinta da wuya, tana kama basilla, ba ta son gumin hannu, sai da ya yi mata shafi da fatar akuya.

Amma Kaka, ko tsufa ya fara taɓa ƙidaya ne? Yarana uku na rubuta miki, babban, da Zainabu, da Garba. Ke kuma kin aiko huɗu. Dawuda ya ce addu'ar ƙari kike mana. Inna ta ɗauki na huɗun ta sa a ƙasan adakarta, ta ce kada a ɓata kayan mutane, wataƙila na wani gida ne aka haɗo bisa kuskure.

Akwai maganar da na yi ta juyawa ko in rubuta ko in bari. Ki gafarce ni in na wuce gona da iri. Ranar da na karanta takardarki a tsakar gida, Inna tana zaune. Da na kai ƙarshe ta ce in sake daga farko. Na sake. Ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ta ce, "Ta tambayi durumi." Ta tashi ta shiga madafi.

Kaka, kin ambaci Gwaggo Fatsuma da ta raine ta. Kin ambaci Dawuda, kin ambaci bishiya. Sunan 'yarki Hauwa bai fito ba ko sau ɗaya, kuma a cikin ƙunshin babu abin da aka ce nata ne. Ba ta ci dambun ba, ta ce haƙori ne ke damunta. Haƙoran Inna kuwa har yau da su take ɓare goriba.

Ina jiran amsa ta gidan waya, kada mu tsaya sai alhazan baɗi.

Jikarki,
Rumasa'u

*

Jarwal, Makka
9 ga Rajab, 1372

Zuwa ga Rumasa'u, matar sarkin masana fata.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, zafi ya fara, gwiwa tana nan da halinta. Takardarki ta yi wata uku tana barci a kantin wani mutum a Jidda kafin ya tuna ya aiko.

Na yi dariya har Abdulƙadir ya shigo da gudu yana zaton kunama ce ta harbe ni. Barewar Arfa! Shekara talatin da huɗu ina hawa Arfa, ko kashin barewa ban taɓa takawa ba. Yarinya, abinci ne! Wani ɗan itace ne na ƙasar Sham, mishmish, ake matse shi a shanya a kan katako kamar yadda muke shanya kilishi. Da Dawuda ya bar Malam Mukhtaru ya lasa, da an huta. Ki gaishe mini da Malam Mukhtaru, shi kaɗai ne mai hankali a majemar nan. Amma laifina ne. Na daɗe a nan har na manta akwai garin da ba a san abin ba.

Ga yadda ake yi, in akwai abin da ya tsira daga basilla. Ana jibi sallah a yayyaga shi a jiƙa a ruwa ya kwana. In ya narke a ɗora a wuta da sukari, a yi ta juyawa har ya yi kaurin kunu. A soya lauz da zabibi da busasshen dabino a man shanu a zuba. Ku ba ku da lauz, gyaɗa ta isa. Sunansa dibyaza. A Makka gidan da ba a ɗora shi ba, yara ba su yarda an yi sallah ba. Da an sauko daga Idi za su zo su jeru da sababbin riguna, kowa ya sumbaci hannuna, in zuba masa a finjali.

To, mu zo kan ƙidayata da kika raina.

Ke da kike tuhumata, koma ki tuna abin da kika rubuta. Kin ce Zainabu, kin ce Garba, ɗan farinki kuwa "babban" kika ce. A bakin Alhaji Wada na ji sunansa Yunus. Ke da kika haihu jiya kina jin nauyin sunan ɗan fari, sai ni da aka yi wa tarbiyya a zamanin da uwa ko kallon 'yar fari ba ta yi a gaban mutane? Ko ranar sunanta ban ɗaga kai ba. Na ɗauki alƙalami sau uku a waccan takarda in rubuta sunanta, hannuna ya ƙi.

Amma na kwana da maganarki, na ga inda na yi wauta. Kunyar uwa tana da kyau in uwar tana tsakar gida, ana cin tuwon hannunta, ana ganin wa take tsame wa nama a ɓoye. Daga Makka ba mai iya bambance kunya da mantuwa.

Bari in ba ki labarin da ban taɓa ba kowa ba, har kawunki. An gama girbi, saura kwana tara Babbar Sallah, ayarin masu tafiya gabas ya sauka a Fagge, kuma ba ya jiran kowa. Ita kuwa uwarki ƙyanda ta fito mata, shekararta shida. Kakanku ya ce shekara biyu ne mu dawo. Yaya Fatsuma ta ce a bar mata ita. Da safe na ɗauki ƙunshina ina sanɗa, sai ga ta ta biyo ni har zaure, idanu duk sun kumbura, ta kama bakin zanena. Ta ce ina za ki? Na ce kasuwa, in sayo miki kayan sallah. Ta ce mai zaƙi? Na ce mai zaƙi. Sai ta sake ni.

Irin ƙaryar da kowace uwa ke yi ce don ta samu ta fita. Sauran mata suna dawowa kafin azahar.

Shekara biyun ta zama bakwai tun ba mu ga teku ba. Mu yi noman ƙodago a wannan gari, mu yi wankau a wancan, in haihu, in binne, mu ƙara gaba. Da muka iso, kakanku ya kwanta ciwo. Sai bana, sai baɗi, har ƙafa ta mutu. Tun sallar da na fara iya dibyaza nake zuba finjali ɗaya fiye da yawan yaran da ke gabana. 'Ya'yan Abdulƙadir su ce, "Hagga min, ya Sitti?" wato na wane ne. In ce na wata yarinya ce da ke jirana a zaure. Su ruga bakin ƙofa su leƙa, ba kowa. Sun yanke cewa ina da ƙawa aljana, har yau ƙaramarsu Maryama ba ta wuce ƙofar nan sai da gudu. Ni kuwa ban gyara musu ba, don tana hana su satar mini sukari.

Saboda haka ƙidayata daidai take. Falle na huɗu ba na wani gida ba ne, yana adakar mai shi.

Ki karanta mata wannan ko ki bari, ke kika san fuskarta. Ni ta 'yar shekara shida na sani.

Kakarki,
Sa'adiya

*

Dukawa, Kano
6 ga Shawwal, 1372

Zuwa ga Hajiya Kaka.

Sallama da gaisuwar sallah. Mun yi azumi lafiya, mun yi sallah lafiya, ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi. Allah Ya maimaita mana.

Takardarki ta iso ran sha biyu ga azumi, amma Garba ya riga ki tona asiri. Tun watan Sha'aban na same shi a bayan randa ya cinye rabin alabensa, baki duk ya yi ja. Na ƙwalla ihu na ce yaro ya ci fata. Dawuda ya zo a guje, ya karɓi guntun, ya sansana, ya ɗan gutsura. Ya tauna. Ya ƙara gutsura. Sai ya ce, "Rumasa'u, wannan fata akwai daɗi." Da muka buɗe ƙwaryar da sauran biyun suke, kiyashi sun gama sallarsu, sai shafin akuya da igiya. Malam Mukhtaru ya baza labari, yanzu ko'ina Dawuda Mai Barewa ake kiransa. Ya ce in gaya miki ya janye maganar zuwa hajji sai an manta.

Na yi kwana biyu da takardar a ƙarƙashin matashi. Rana ta uku da la'asar Inna tana tsince shinkafa, yara sun fita, na zauna kusa da ita na fara. Ta yi dariyar barewa. Ta ce in maimaita yadda ake dafawa. Da na zo wurin zaure sai hannunta ya tsaya a cikin faifai. Na karanta har ƙarshe ba ta motsa ba. Can ta ce, "Ba zane na kama ba. Igiyar ƙunshin ce." Ta ci gaba da tsinta. Sai kuma ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Sallah uku na yi ina zama a zauren nan, kafin Gwaggo ta gaya mini Makka ba a cikin kasuwar Kurmi take ba."

Kaka, ni 'yarta ce, ban taɓa jin wannan ba.

Daga nan ba ta ƙara tayar da maganar ba har azumi ya kai ashirin da takwas, ni ma ban yi ba. Na ɗauka shi ke nan. Ran nan sai na ji ƙarar murfin adaka. Fallen ya yi duhu, ya bushe kamar kirgi, amma lafiyarsa ƙalau. Ta yayyaga, ta jiƙa a tasa. Washegari ta soya gyaɗa da dabino a man shanu. Na ce in taya ta juyawa, ta ce in je in nemi aikin yi.

Ranar sallah, da maza suka tafi Idi, ta ba yara cokali ɗaiɗai. Zainabu ta miƙo baki a ƙara mata, Inna ta ce, "Kun ci naku, kiyashi sun taya ku. Wannan nawa ne." Ta ɗauki tasar ta nufi zaure. Ni tun da nake ban taɓa ganin Inna ta zauna a zaure ba. Na leƙa ta jikin asabari. Tana zaune a dakalin bakin ƙofa, da sabon zanenta, tasa a cinya, tana ci da yatsa a hankali kamar mai tsoron ya ƙare. Sai da ta suɗe tasar tas. Da ta shigo idanunta sun yi ja, ta ce hayaƙin jiya ne.

Ta ce in rubuta miki haka, kada in ƙara kada in rage: "Saƙo ya iso. Akwai zaƙi. Amma an daɗe a kasuwar nan."

Kwana uku ke nan tana dakan nakiya, ta hana kowa taɓa taɓarya. Ƙanin Alhaji Wada zai tashi a watan gobe, shi zai kawo miki da wannan takarda. Curi shida ne a cikin kwano. Na ce Inna 'ya'yan Kawu biyar ne. Ta ce ta sani, na shidan na mai zuwa kasuwa ne.

Jikarki,
Rumasa'u

*

Jarwal, Makka
19 ga Zulhajji, 1372

Zuwa ga Rumasa'u.

Salamun alaikum. An sauko daga Arfa lafiya, bana ma ban ga barewa ba.

Kwano ya iso. 'Ya'yan Abdulƙadir suka gutsura, yaji ya kama su, suka yi ta fifita baki suna kiran ruwa, sannan suka dawo suna miƙo hannu. Na gaya wa Maryama ƙawata aljana ce ta aiko. Ta ce ashe aljanun Kano sun iya abu.

Nawa curin na kai ɗaki. Haƙorana huɗu suka rage, kuma ba sa ga maciji da juna, don haka a harshe nake ɗora ɗan kaɗan in bar shi ya narke. Da na rufe ido sai ga tsakar gidanmu, ga turmi, ga durumi a tsaye. Ki gaya wa mai dakan ta cika masoro. Hannun Yaya Fatsuma ne wannan, tun muna 'yan mata nake mata faɗa a kai. Ban ce a rage ba.

Ga ƙamaruddin nan falle biyar. Huɗu na ci ne. Ɗaya na Dawuda, ya ɗinka mini takalmi.

Yanzu ki tura yara waje, ki aiki Dawuda wani wuri. Abin da ke ƙasan nan ko kawunki ban bari ya gani ba. Na yi kwana huɗu ina zagaya shi kafin hannuna ya yarda. Ki zauna kusa da ita ki karanta sau ɗaya, ba da muryar karatu ba, da muryar da ake kiran yaro in abinci ya sauka.

Hauwa. Hauwa'u.

Kasuwar ta yi nisa, ƙafata ba za ta kawo ni ba. Ki yafe mini. Tashi daga zauren nan ki shiga gida.

Uwarki,
Sa'adiya